Kafin Ka Tafasa Kirfar Nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ka da mutanen kirki a can inda aka tura ka bautar ƙasa. Labarin gida ba zan ba ka ba. Ƙanwarka Safiya tana nan da wayarta, ko cokali ne ya faɗi a unguwar nan sai ka ji.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a cikin ƙullin kirfa. Ni na sa. Ana gobe za ka tafi, da ka wuce Garki yin sallama da kakarka Hajiya, na buɗe jakarka zan saka maka dambun nama da yaji, sai na ji ƙamshin da ko barci nake zan gane shi. Na laluba, sai ga ta a ƙasan kaya, cikin baƙar leda, ka cusa ta a safa kamar kayan sata. To ai satar ce, daga gwangwanina na kan kanta ka ɗiba, ka ɗauka ban san yawan kayana ba. Na zauna a bakin katifarka da ledar a hannu. Da farko na yi niyyar in zubar. Sai na tuna kirfa ba ta da wuyar samu, duk mai shayin da ka tambaya zai ba ka. Gara in bar ta, in naɗe ta da maganata, don na san duk ranar da ka kwance ƙullin nan, bakinka ne ya dame ka. Saboda haka kafin ka ɗora ruwa, ka zauna ka karanta.

Kai ne ɗan farina. Tun da aka raɗa maka suna, bakina bai taɓa furta shi ba. Haka muka tashi muka gani a Garki: mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce za ta fara rugawa ba. Ana yaye ka mahaifiyata Hajiya ta ɗauke ka, a hannunta ka girma. "Kai" nake ce maka, ko "wancan", kai kuma kana ce min Yaya yadda ka ji ƙannena suna faɗa. Ko da ka dawo Dutse yin jami'a muka zauna gida ɗaya, in ina so ka ci abinci sai in ce wa Safiya, "Ki gaya wa wancan tuwo yana hucewa," alhali ga ka nan a tsakar gida kana jina. Mutane suna yabona da kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon. Shi ya sa abin da zan faɗa maka yau sai a takarda.

Ka san ciwon suga ne ajalin Babanku, ka san an yanke masa ƙafa. Wannan kowa ya sani. Abin da ba ka sani ba, don lokacin kana Garki, hutu kaɗai kake zuwa, shi ne ba daga ƙafar abin ya faro ba. Daga baki ya faro, kuma ni ce na yi ta rufe shi.

Bari in fara daga inda na samo kirfar. Ina budurwa Hajiya ta yi wani zazzaɓi mai zafi, aka yi ta ɗura mata kafso. Tana warkewa sai wani farin abu ya fito mata a harshe da cikin kumatu, kamar kindirmon da ya maƙale, in an goge sai wurin ya yi ja yana raɗaɗi. Wata tsohuwa mai sayar da kayan ƙamshi ta ce ta tafasa kirfa, in ta huce ta riƙa kurkure baki. Ta yi, abin ya tafi, bai kuma dawo ba. Shi ke nan fa, na riƙe. Da na yi aure muka dawo Dutse na kama sana'ar haɗa kayan shayi da yaji, duk wadda ta zo min da ciwon baki sai in ƙulla mata kirfa. Wasu su dawo su yi godiya. Waɗanda ba su dawo ba, ban taɓa tambayar kaina ina suka tafi ba. Aka fara ce min likitar unguwa, kaina ya kumbura. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Don abu ya yi wa mutum ɗaya aiki sau ɗaya, bai zama ka san magani ba. Hajiya kafson da ta sha ne ya jawo mata nata, da ta daina sha jikinta ya dawo daidai. Ko da kirfar ta taimaka, ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ni kuwa kirfar kaɗai na gani.

Wata rana Babanku ya dawo daga sakatariya, na zuba masa miyar kuka da yajin da yake so, ya kai loma ɗaya ya ture kwanon. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Bakina ne, kamar an zuba min garwashi." Na ce ya buɗe in gani, sai ga farin abin nan ya shimfiɗu har ganɗa. Wallahi daɗi na ji, ka ji irin wautata, don ga ciwon da na san maganinsa ya shigo gidana. Na ce, "Wannan? Ai ka zo gidan magani." Na tafasa, ya kurkure, cikin 'yan kwanaki ya ragu. Ya riƙa tsokanata a gaban baƙi yana cewa, "Ni ba ruwana da layin asibiti, ga likita na ajiye a ɗaki."

Bai daɗe ba ya dawo. Na sake tafasawa, ya lafa, ya sake dawowa. Maimakon in tsaya in ce me yake dawo da shi, sai na ce kirfar ce ba ta yi ƙarfi ba. Na ƙara yawanta har ruwan ya koma baƙi-baƙi. Na aika Kano aka sayo min man kirfa a 'yar kwalba, na shafa masa da auduga haka nan tsurarsa. Kai, ranar na ga hawayen Babanku. Leɓensa ya kumbura, cikin bakin ya saɓule, kwanaki sai koko yake iya sha. Don in rage masa zafin sai na fara kwaɓa garin kirfa da zuma, safe da yamma, cokali cike. Zuma fa, ga mutumin da suga yake cin jikinsa! Da hannuna nake ba shi, ina cewa, "Daure ka shanye, Malam." To ka ji: ciwon da ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo, ba ƙarin magani yake nema ba, so yake a binciko abin da ke kiransa. Kuma man kirfa, ko wa ya ba ka, kada ka kusantar da shi bakinka, ƙonewa yake yi.

Alamu kuwa ba irin waɗanda ban gani ba. Mutumin da kofi ɗaya yake isarsa ya koma yana tsayawa a bakin randa yana sha yana ƙarawa. Buta ba ta hutawa. Wandunansa suka yi masa yawa, na kai wa tela ya rage ƙugun, ina ta mita wai aikin ofis ne yake cinye shi. Sannan ga kiyashi. Duk inda ya yi fitsari a makewayi, kafin wani lokaci sai ka ga sun yi baƙi a wurin. Ka san abin da na yi? Kalanzir na riƙa zuba musu. Ina zubawa ina zagin mai gidan hayar, wai ginin ne ya rube. Allah Ya turo min 'yan ƙananan halittu su nuna min abin da ke jikin mijina, ni kuma na kashe su na koma na ɗora tukunyar kirfa. In ka ga wani abu ya canza a jikinka, kada ka yi saurin nema masa dalilin da zai kwantar maka da hankali. Ni duk alamar da ta zo sai da na samo mata uzuri.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai. Ka tuna Sista Rifkatu, 'yar Filato ɗin nan ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin da yake kallon namu? Ita ce take kawo muku shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, mu kuma mu kai mata naman layya. Zamanmu lafiya lau, har makullin ɗakinta take bar min. Ran nan ta shigo karɓar kayan shayi, ta tarar da Babanku yana kurkure baki a gindin darbejiya. Ta gaishe shi, ta dube shi da kyau, sai ta ja ni gefe. Ta ce, "Maman Safiya, wannan abin na bakin Malam, tun yaushe?" Na ce, "Yana zuwa yana tafiya, ina kan yi masa magani." Ta ce, "Babba ba ya yawan yin wannan haka kawai. Don Allah ki lallaɓa shi ya zo wurinmu a gwada jininsa."

A gwada jininsa. A lokacin nan, in aka ce a gwada jinin mutumin da yake ramewa, abu ɗaya ne yake zuwa wa kowa a rai, ƙanjamau. Na ce, "Me kike nufi? Mijin nawa kike wa kallon ɗan iska?" Ta ce, "Haba Maman Safiya, ba haka nake nufi ba, abubuwa da yawa suna kawo shi, ko suga ma..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na fizge ƙullin kayan shayin daga hannunta, na ce ta fita, ta je ta gwada jinin danginta. Har da cewa baƙin ciki take yi don mata suna zuwa wurina ba sa zuwa wurinta. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Allah Ya ba shi lafiya," ta fita. Ta ma faɗi kalmar fa, suga, da kunnena na ji. Amma fushi ya riga ya toshe min kai. Ban gaya wa Babanku abin da ta ce ba. Na daina gaishe ta, na hana Safiya shiga ɗakinta, har aka yi mata canjin wurin aiki ta tashi ba mu shirya ba.

Ka ji wannan da kyau, don na san halinka, irin nawa ne, shiru-shiru da zuciya. Duk wanda ya ce maka je ka a duba ka, ba zaginka ya yi ba. Kuma tsoron sunan ciwo ba ya hana ciwon zama a jiki. Ni na tsaya kare mutuncin Babanku daga ciwon da ba shi da shi, na bar wanda yake da shi yana ta aiki. Ko da ma abin da na ji tsoron ne, ai da sanin ya fi, tunda ga mutane nan suna karɓar maganinsa suna rayuwarsu.

Ƙarshen abin a gona ya zo. Ka san 'yar gonar da yake nomawa a wajen Buji duk damina. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da ya dawo na ga jini a takalminsa. Ƙaramin rauni, wanda yaro zai yi ya manta. Ya ƙi warkewa. Muka yi ta gashi da ruwan zafi, muka yi ta shafe-shafe, ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Sai da abokan aikinsa suka zo dubiya suka ga halin da yake ciki, suka ɗauke shi a A Daidaita Sahu ba tare da sun nemi shawarata ba.

A asibiti likitan bai fara da ƙafar ba. Ya sa aka ɗiga jinin yatsansa a wata 'yar na'ura, ya duba. Sannan ya ce, "Baba, buɗe bakinka." Ya haska, ya juyo ya dube ni. "Hajiya, wannan ya daɗe?" Na ce ya daɗe. "Me kuke yi masa?" Na ce kirfa. Ya ce, "Ita kaɗai?" Na ce da zuma. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, in suga ya yi yawa a jini har yawu yana samunsa, shi kuma farin abin nan da shi yake rayuwa, shi ya sa ko an kore shi yake dawowa. Ya ce kirfa takan ɗan rage shi a sama, amma ba ta taɓa abin da yake ciyar da shi. Ya ce shi kansa ciwon bakin akwai maganinsa, ɗan ruwa ne da ake ɗigawa, ba wani abin wahala ba. Da tun lokacin aka zo, da ƙwaya da kiyaye abinci sun riƙe shi.

Sauran ka sani. Ka zo ka gan shi bayan an yi aikin, zanin gado a kwance a inda ƙafa take. Abin da ba ka ji ba shi ne maganar da ya yi min ana gobe za a shiga da shi. Ina zaune ina yi masa fifita, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Likitata, yau ba kirfa?" Wasa yake yi, so yake in yi dariya. Na fita baranda na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Bai taɓa cewa laifina ba ne, har ya koma ga Allah. Na san kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma na san abin da hannuna ya yi, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Za ka ce to me ya sa har yau ina ajiye kirfa. Sana'ata ce, a shayi take da kunu, ba ta yi min laifin komai ba. Abin da na daina shi ne ƙulla wa mutane ita da sunan magani. Duk wadda ta zo min da farin baki yanzu, ko nata ko na jaririnta, hanyar asibiti nake nuna mata, wasu har su yi fushi su ce na yi rowa. Kai kaɗai ne ban gaya wa ba. Abin da ka riƙe tun kana yaro shi ne Yaya tana tafasa wa Baba kirfa in bakinsa yana ciwo. A wurina ka koya.

Tun bayan ƙaramar salla nake lura da kai. Na ga ka daina taɓa yaji, kai da kake cinye min rabin gwangwani. Na ga kana tauna a gefe ɗaya. Na gan ka da safe a bayan ɗaki kana kurkure baki kana tofar da jan ruwa, kana waige-waige. Ina ganin yawan zuwanka randa. Rigar da ka ɗinka bara, kafaɗarta ta sauko. Safiya ta ce maka ka rame, ka ce wahalar jarrabawar ƙarshe ce, ni ma na kama wannan na riƙe don in samu barci. Sai ran nan na shiga makewayi bayan ka fito, na ga kiyashi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fito, kana zaune a kan tabarma kana danna waya, tsakanina da kai bai fi in miƙa hannu ba. Abin da ya kamata in ce guda ɗaya ne: buɗe bakinka in gani. Na faɗa wa mijina, na faɗa wa matan unguwa da 'ya'yansu ba adadi. Amma kai, na buɗe baki sai na ji nauyi ya danne min harshe. Na wuce kicin na tsaya ina juya tukunyar da ba komai a cikinta. Washegari na ce yau zan faɗa, jibi ma haka, har takardar tafiyarka ta fito. Na ce wa Safiya, "Ki ce wa wancan ya je asibiti," ta faɗa maka da wasa, ka ce mata ta kama gabanta. Wannan ne kuskurena na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne lokacin gyara shi bai wuce ba. Kunya abu ce mai kyau, ban ce ka yar da ita ba. Amma kunyar da za ta sa uwa ta ga abin da na gani ta yi shiru, ban san amfaninta ba, kuma ranar da Allah Ya ba ka naka ɗan farin, kada ka bari a koya wa matarka irinta.

Ni ba likita ba ce, na daɗe da sanin haka, da tsada kuma na sani. Ban ce suga ne da kai ba. Mai yiwuwa wani abu ne ƙarami, a ba ka ɗan maganin ɗigawa ka warke, ka dawo kana yi min dariya. Allah Ya sa haka. Amma ba ni zan faɗa ba, ba kai ba, ba kuma ledar nan da ke hannunka ba. An ce akwai ɗakin shan magani a sansaninku. In babu, ka tambayi asibiti mafi kusa. Yau ɗin nan da ka karanta, ba sai an gama fareti ba, ba sai an biya ku alawus ba. Ka buɗe musu bakinka, ka gaya musu ƙishirwar da yawan fitsarin da ramar, ka gaya musu abin da ya kashe mahaifinka. Ka ce su gwada suga, su gwada duk abin da suka ga dama. Duk abin da aka samu, ni mai iya ji ce, ba kuma zan tambaye ka ta ina ya zo ba. In suga ne, mutane suna tsufa da shi da ƙafafunsu biyu in an kama shi da wuri. Kirfar kuma ka ba mai shayin wurin, ka ce sadaka ce daga Dutse.

In ka fito daga wurin likita ka kira ni. Ni, a wayata, ba ta hannun Safiya ba. Na san ba mu saba ba, da wuya mu wuce gaisuwa ba mu yi shiru ba. To mu yi shirun, amma ka faɗa min abin da aka ce. Zan ajiye wayar a ƙullin zanina har sai ta yi ƙara.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya raba ka da abin da ya sami mahaifinka, Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ya dawo min da kai gida da ƙafafunka.

Na binne ɗaya ina ƙulla kirfa, ba zan iya na biyu ba. Haruna. Ga shi na rubuta, da hannuna, har na faɗa a fili ni kaɗai a ɗakinka don in ji yadda yake a bakina. Haruna, ɗana, ka ajiye ledar nan ka tashi ka tafi asibiti.

Wassalam. Ni ce wadda kake kira Yaya,
mahaifiyarka.